Kafin Layin Farko: Nasiha Ga Ɗana a Boyekai

 Saƙonka ya iso, na kuma zauna na karanta rubutun umarnin da ka haɗo da shi, wannan da ke tattara lissafin buhunan albasa da tafarnuwa na ƙungiyar manomanku, ya ware bashin taki da na man injin ban-ruwa, sannan ya tura wa kowa nasa a waya. Aikin ya yi tsabta. Sunayen da ka sa wa abubuwa suna da ma'ana, wanda zai gaje ka ba zai sha wuya ba kafin ya gane inda ka dosa. Allah ya ƙara basira.

Wuri ɗaya ne ya tsayar da ni, layuka ukun nan na can sama. Ka tsara cewa da zarar rubutun ya tashi, ya leƙa cikin bayanan muhalli ya ga ko akwai wani mai suna KARIN_UMARNI, in ya same shi ya kwashi abin da ke ciki ya miƙa wa eval ya aiwatar, kafin ya shiga aikinsa na ainihi. Ka ce dalilinka shi ne sabar da kuka yi haya tana nesa, sabis ɗin waya a wajenku kuma sai an hau tudu, don haka kana son hanyar da za ka sauya halin rubutun ba tare da ka sake ɗora shi ba. Dalili ne na mai tunani. Manyan da suka gina waɗannan harsunan kwamfuta sun yi irin tunanin nan tun kafin a haife ka, sun kuma buɗe irin wannan ƙofa da hannunsu. Abin da nake so in ba ka labari shi ne abin da ya biyo ta ƙofar daga baya, sai ka yanke hukunci da kanka.

Tun 1979, lokacin da aka fitar da Unix bugu na bakwai a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, kowace manhaja da ke gudana tana riƙe da wani jerin sunaye, wato bayanan muhallin nan, kowane suna da abin da aka ajiye a cikinsa. PATH na faɗin inda za a nemo manhajoji, HOME na faɗin jakar mai amfani, LANG na faɗin harshe. Buga env a kwamfutarka, za ka ga naka. Idan manhaja ta tayar da wata, sai ta damƙa mata kwafin wannan jeri, ita ma ta damƙa wa ta gaba, haka har ƙasa. Wadda aka tayar ba ta da hanyar sanin wa ya rubuta wane layi. Da wanda ka saka da hannunka, da wanda tsarin kwamfutar ya saka, da wanda wani baƙo ya yi dabara ya cusa, duk kamanninsu ɗaya a idonta.

Ka san yadda ruwa ke zuwa gonakin da ke ƙarƙashin madatsar Goronyo. Mutum zai kewaye fegin albasarsa da ƙaya, ya yi ƙofa ya ɗaure, ya hana akuya da yaro shiga. Amma ruwan da ya taso daga gulbin Rima ya bi babbar hanya, ya bi ƙarama, ya ratsa gonakin mutane da yawa, ta ƙarƙashin shingen yake shigowa, kuma duk abin da na sama ya zuba a ciki sai ya iso tushen albasarka. Kai ka killace rubutunka, ka hana kowa izinin taɓa fayil ɗin, ka yi daidai. Bayanan muhalli su ne ruwan.

Abin da yawancin masu koyo ba su sani ba shi ne, ko da ba ka rubuta waɗannan layuka uku ba, rubutunka ba daga layinsa na farko yake farawa ba. Bash, idan aka kira shi ya gudanar da rubutu, yakan fara duba BASH_ENV. In akwai sunan fayil a ciki, sai ya karanta wannan fayil ya aiwatar da shi tukuna, sannan ya waiwayi naka. Perl yana da PERL5OPT, wanda abin da ke cikinsa tamkar an buga shi ne a layin kira, kuma ta nan ana iya sa shi ya ɗauko ƙunshin umarni na daban. Ruby yana da RUBYOPT. Node ya samu NODE_OPTIONS a bugu na 8, cikin 2017, inda --require ke jawo fayil ya gudana kafin naka. A Python mutane sun fi sanin PYTHONSTARTUP, amma shi wannan ba ya aiki sai an buɗe Python don bugawa da hannu, bai shafi rubutun da aka kira ba. Wanda ya fi shi shiga rubutu shi ne PYTHONPATH: a nuna masa wata jaka da ke ɗauke da fayil mai suna sitecustomize.py, Python zai ɗauko shi ya gudanar yayin tashi, ba tare da ya ce uffan ba. A ƙasan su duka kuma akwai LD_PRELOAD na Linux, wanda ke cusa wa manhaja ƙunshin umarni tun kafin ta numfasa, ko da wane harshe aka rubuta ta.

Kada ka ɗauka mugunta ce ta sa aka yi su. Da su ake bin sawun matsala a manhajar da ba a son taɓawa, da su ake auna inda take cin lokaci, da su ake gwaji. Termux ɗin da kuke koyon aiki da shi a wayoyinku ma da LD_PRELOAD yake gyara hanyoyin fayiloli, domin Android ba ta ajiye abubuwa a wuraren da rubutun Linux ya saba nemansu. Ba don wannan dabara ba, rubuce-rubuce da yawa da kuke kwafowa ba za su tashi a waya ba. Kayan aiki ne masu kyau a hannun mai su.

Ga kuma wata gaskiya da masu tsoratar da mutane ba su cika faɗa ba. Idan kai kaɗai ne a kwamfutarka, kai ke saka bayanin, kai ke kiran rubutun da ikonka, to babu wani shinge da aka tsallake. Wanda ya iya saka maka BASH_ENV a cikin asusunka, ai dama ya riga ya iya buga duk umarnin da ya ga dama da sunanka. Haɗarin yana tasowa ne a wuri ɗaya tak: inda maganar mai ƙaramin iko, ko ta baƙon da ba shi da iko ko kaɗan, ke samun hanyar shiga muhallin manhajar da ta fi shi iko. Ka riƙe wannan, domin da shi za ka auna kowane irin tsari da za ka gamu da shi nan gaba, har waɗanda ban san da su ba.

Brian Fox ne ya rubuta Bash domin aikin GNU, aka fitar da shi a 1989, daga baya kulawarsa ta koma hannun Chet Ramey. A wannan shekara ta farko aka saka masa wata dabara mai kyan gani. Ana son idan ka ƙirƙiri ɗan aiki mai suna a cikin Bash, sannan ka tayar da wani Bash ɗin daga ciki, na biyun ya gaji aikin. Ta ina za a miƙa masa? Sai aka ce a zuba shi cikin bayanan muhalli. Saboda haka duk lokacin da Bash ya tashi, yakan bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, duk bayanin da ya ga ya fara da alamomin () { sai ya ɗauka aiki ne aka bar masa gado, ya miƙa shi ga sashen da ke fassara umarni. Ramin yana nan: idan an rufe aikin aka ƙara wani umarni a bayansa, Bash ba ya tsayawa a inda aikin ya ƙare, sai ya zarce ya aiwatar da ƙarin nan take. Kuma bai damu da sunan bayanin ba. Kowane suna ya wadatar.

Shekara ashirin da biyar abin yana kwance, cikin kwamfutocin jami'o'i da bankuna da na'urorin rarraba intanet, ba wanda ya fito ya nuna shi. Sai a watan Satumba na 2014 wani masanin Unix mai suna Stéphane Chazelas ya gano shi ya sanar da Ramey a asirce. Ranar 24 ga watan aka bayyana wa duniya, da lamba CVE-2014-6271, aka yi masa laƙabi da Shellshock. Ba a kwana ba masu kutse suka fara bin intanet gida-gida suna gwadawa.

Me ya sa ya yi muni haka? Saboda sabobin shafukan intanet masu aiki da tsohon tsarin nan na CGI suna kwashe abin da mai ziyara ya turo su zuba cikin bayanan muhalli kafin su kira rubutu. Misali, burauzarka takan faɗi sunanta a kowace ziyara, sabar kuma ta ajiye shi a HTTP_USER_AGENT. To mutum yana zaune a wata nahiya, maimakon sunan burauza sai ya turo () { da umarninsa a baya. Sabar ta zuba a muhalli bisa al'adarta, ta kira rubutu, Bash ya tashi, ya ga alamar, ya aiwatar. Ba kalmar sirri, ba fasa ƙofa. Mai rubutun bai yi kuskure ko na harafi ɗaya ba a cikin abin da ya rubuta, kuma kafin a kai layinsa na farko an gama da shi. Gyaran farko da aka fitar bai toshe duka ba, Tavis Ormandy ya nuna wata ɓaraka, aka sake ba ta lamba ta daban. Abin bai lafa ba sai da aka karɓi shawarar Florian Weimer na kamfanin Red Hat, cewa Bash ya daina duba kowane bayani, ya tsaya ga waɗanda sunansu ya fara da BASH_FUNC_ kawai. Ka lura da irin maganin: rage wuraren da ake karɓar umarni.

Na san abin da za ka ce, domin da ni ne a shekarunka shi zan ce. Za ka ce naka sunan KARIN_UMARNI ne, sabar kuma HTTP_ take liƙa wa duk abin da baƙo ya turo, don haka ba yadda za a yi ya kai gare shi. A yau gaskiyarka ce. Amma a 2016 an yi wata da ake kira httpoxy. Manhajoji da yawa suna karanta HTTP_PROXY don sanin ta wace kwamfuta za su bi su fita intanet. Sai aka lura cewa idan baƙo ya turo kan saƙo mai suna Proxy, sabar za ta liƙa masa HTTP_ ɗin nan, ya zama HTTP_PROXY cif. Mutane biyu ne suka zaɓi suna a lokuta daban, ba wanda ya san da ɗayan, sunayen suka yi karo, baƙo ya samu damar karkatar da zirga-zirgar sabar zuwa wajensa. A 2019 kuma an samu rami a manhajar Kibana inda mai kutse ya iya cusa NODE_OPTIONS cikin muhallin wata manhaja da ake tayarwa, ya sa ta ɗauko umarninsa. Duk waɗanda suka gina waɗannan abubuwa ƙwararru ne da ake biya don su yi hattara. Kai kuma rubutunka zai daɗe fiye da yadda kake zato. Wata rana za ka samu aiki a Sakkwato ko Abuja, wani yaro ya karɓa, ya haɗa shi da wani shafi ko wata manhajar da ba ta zo maka a rai ba, layukan nan uku suna nan suna jira.

Akwai ma hanyar da ta fi kusa. Ka ce sakataren ƙungiya da yaron shagon cajin waya suna kiran rubutun da sudo idan ba ka nan. Shi sudo, bisa tsarinsa na asali, yana share yawancin bayanan muhalli kafin ya ba da iko, saboda irin wannan matsala. Ranar da ka ga KARIN_UMARNI ɗinka bai ƙetare ba, zuciya za ta ce maka ka saka shi cikin env_keep a wuce wurin. Daga ranar, duk wanda aka yarje wa kiran wannan rubutu guda ɗaya ya zama mai cikakken iko a kan sabar baki ɗaya. Ba ina zargin kowa ba ne, na san iyayensu. Amma wayar mutumin kirki ma ana sacewa a kasuwar Achida, kuma bai kamata ka ɗora wa mutum nauyin amanar da bai san ya ɗauka ba.

To me za ka yi da buƙatarka, tunda buƙata ce ta gaske? Ka bar bayanin muhalli ya ɗauki zaɓi, kada ya ɗauki umarni. Ka yi wani mai suna YANAYI, ka ce abin da aka yarda ya ƙunsa shi ne gwaji, ko aiki, ko bincike. Rubutun ya duba, in ya ga ɗaya daga ukun ya bi hanyar da ka riga ka rubuta mata, in ya ga wani abu daban ya tsaya ya yi ƙorafi. Mafi munin abin da baƙo zai iya yi a nan shi ne ya zaɓi ɗaya daga hanyoyin da kai ka shimfiɗa. Idan kuwa lallai sai ka riƙa ƙara sabon umarni daga nesa, ka ajiye shi a ƙaramin fayil cikin jakar da kai kaɗai ke da izinin rubutu, ka rubuta cikakkiyar hanyar jakar a cikin rubutun, kada ka karɓo ta daga muhalli. Fayil mai layi goma ba zai gagari sabis ɗinku ba, ko da na dare ne. Ga riba ta biyu: fayil yana da mai shi, yana da ranar da aka taɓa shi, ana iya ajiye tarihinsa a git. Bayanin muhalli kuwa da manhajar ta mutu ya bi ta, ba ya barin sawu, in lissafi ya rikice ba ka da abin nunawa.

Kuma duk lokacin da rubutun ya ɗauko wani ƙari, ya faɗa da babbar murya a cikin littafin ayyukansa: na ɗauko kaza daga wuri kaza, da ƙarfe kaza. A nan ina yaba wa Java. Ita ma tana da irin wannan ƙofa, JAVA_TOOL_OPTIONS, amma duk sanda ta yi amfani da ita sai ta buga sanarwa a allo. Masu aiki da ita suna ƙorafin surutun, ni kuwa ina ganin ladabi ne da sauran suka rasa. Haka direnv, wadda ke loda bayanan muhalli idan ka shiga jaka, ba ta yarda ta karanta fayil ɗin .envrc sai ka ba ta izini da bakinka, in aka sauya ko harafi ɗaya a ciki sai ta sake tambaya.

Sauran ƙofofin da ba kai ka buɗe ba, rufe su ba wuya. Idan rubutu zai gudana da iko mai yawa, ka kira shi ta env -i, wanda ke tayar da shi da muhalli fanko, sai ka saka masa abin da yake buƙata kaɗai, PATH ɗin ma ka rubuta shi da hannunka. Python yana da -E da ke sa ya yi watsi da bayanan da suka fara da PYTHON, yana da -I tun bugu na 3.4 wanda ya fi shi tsanani. Perl idan aka kira shi da -T ba ya sauraron PERL5OPT. Wannan ɗabi'a za ta raba ka da wani ciwon kan ma: rubutun da ke aiki lafiya in ka kira shi da hannu amma ya ƙi tashi da dare a ƙarƙashin cron, galibi saboda cron ɗan muhalli kaɗan yake bayarwa, rubutun kuma ya saba dogara da abin da ke cikin naka.

Na ga kuma ka ajiye mabuɗin kamfanin tura saƙon waya a cikin muhalli. Ya fi a rubuta shi cikin rubutun, ban musa ba, kuma haka ake yi a wurare da yawa. Sai dai ka sani duk manhajar da rubutunka ya tayar ta gaji mabuɗin. A 2021 masu kutse sun sauya wani rubutun Bash na kamfanin Codecov wanda dubban masu gina manhaja ke saukowa su gudanar, suka ƙara masa layin da ke kwashe bayanan muhallin duk wanda ya kira shi ya aika musu. Daga ƙarshen Janairu har farkon Afrilu ana kwasa, sai da wani abokin cinikinsu ya lura cewa lambar tantance fayil ɗin ba ta dace da wadda aka wallafa ba. Don haka in rubutunka ya karanta mabuɗin, ya cire shi daga muhalli kafin ya kira wani abu. Kuma wannan al'ada ta kwafo layi daga intanet a zuba wa Bash kai tsaye ba tare da an karanta ba, ka yi mata bankwana a kan sabar ƙungiya.

Wataƙila ka ce Baffa ya ɗauko labarin manyan kamfanonin duniya ya ɗora wa lissafin albasa. Masu bin intanet suna gwada ƙofofi ba mutane ba ne da ke zaɓar wanda ya isa a sata, manhajoji ne da ke bin lambobin sabobi a jere, ba su san Boyekai daga Landan ba. Abin da ke cikin sabar nan kuma ba ƙarami ba ne a wurin masu shi. Akwai lambobin wayar mutane, akwai wanda ake bi buhu nawa na taki, akwai wanda ya sayar da kaya ya karɓi kuɗi masu kauri a makon nan. A halin da yankinmu na gabashin Sakkwato yake ciki, ba sai na yi maka bayanin abin da ke faruwa ba idan aka san wa ke da kuɗi a hannu da kuma inda yake kwana. Dattawan da suka ba ka sunayensu ba su san mene ne eval ba. Ɗan wane suka sani, shi suka ba.

Ba na so wannan ya sa ka ji tsoron gwaji. A kwamfutarka ta hannu ka yi duk abin da ranka ke so: ka saka BASH_ENV ka ga yadda yake shiga gaban rubutu, ka ƙirƙiri sitecustomize.py ka sa ya buga sallama, ka leƙa /proc ka karanta fayil ɗin environ na manhajar da ke gudana. Wanda ya taɓa buɗe ƙofar da hannunsa ya fi saurin gane ta in ya gan ta a aikin wani. A kan sabar jama'a ne nake roƙonka ka cire layukan nan uku.

In ka gyara, ka turo mini sabon rubutun tare da abin da env ya nuna a kan sabar, bayan ka goge mabuɗai da kalmomin sirri daga ciki, da kuma layin da ka rubuta a sudoers. Zan duba su kafin ka ɗora, kuma ka yi ƙoƙari a gama kafin a fara cire albasa, lokacin da lissafin zai yi yawa. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da ƙannenka.